Yadda Aka Warkar da Baba Rene

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A gidan suna a tare ni, a bakin famfo a tare ni, jiya ma a gidan rasuwa Hajiya Balki ta matso tana yi mini raɗa, wai da gaske ne aikin mahaukata na yi a Faransa? E, da gaske ne, kun ji daga bakina. Masu cewa auren Bature na tafi nema kuma su kwantar da hankalinsu, ga ni yadda na tafi, sai ciwon gwiwa da na ƙaro. Sau ɗaya zan ba da labarin nan, wadda ba ta ji ba ta tambayi maƙwabciyarta.

Yayana Alhaji Mamman, mai sayar da shadda a Paris, shi ya aiko a tafi da ni. Matarsa Salamatu ta haihu, babu mai yi mata wankan jego. Ni kuwa lokacin zawarci nake, ina aikin wankan marasa lafiya da gyaran gado a asibiti nan Maradi, ga shi shekarar damina ta yi gardama, gari ya yi zafi. Ban yi wani dogon tunani ba na ɗaure kayana.

Daga nan zuwa Yamai ba sai na gaya muku ba. Direba ya loda mu har da akuya, taya ta fashe bayan Ƙonni, muka yini a gindin wata ƙaya muna zagin mai motar, akuyar kuma ta cinye mini gefen sabon mayafi. Jirgin sama bai ba ni tsoro ba sam. Abin da ya ɓata mini rai bayan gidansu ne. Na shiga na duba sama da ƙasa, babu buta, sai takarda. Na fito na tambayi ma'aikaciyar jirgin da ɗan Faransancina na makarantar boko, ta yi mini murmushi ta ƙaro mini takarda.

Da muka sauka sai ga 'yan duwan, masu binciken kaya, da karensu. Karen ya bar kowa ya nufo jakata yana haushi. Aka ce in buɗe. Ɗan duwan ya zaro ƙullin daddawa, ya kwance, ya kai hanci, sai ya ja da baya yana tari. Ya ce mene ne wannan? Na ce abin miya ne. Ya kira wani, wancan ya kira wani, suka taru su uku a kan daddawar Inna suna shawara, har da mai sa safar hannu. Ƙarshe suka riƙe kilishi suka bar mini daddawa, na kuwa san inda kilishin nan ya kwana. Daga baya da na shinshina irin cukun da suke ci, mai kore-kore a ciki, na ce lallai mutanen nan ba su da ta cewa a kan warin abincin kowa.

Alhaji Mamman, wanda in ya zo gida da babbar riga ake tashi a ba shi wuri, a unguwar Gut Dor yake, can ƙololuwar wani tsohon bene da ba shi da abin hawa sai ƙafa. Nan gwiwata ta fara. Ɗaki biyu ne, bayan gida kuma a kan matakala, ana raba shi da wasu Larabawa. Shagon da ake ta ba mu labari, in ka miƙa hannuwa biyu sai ka taɓa bango da bango. Na ce, "Yaya, wannan ne kantin?" Ya ce, "Rabi, in kin koma gida ki riƙe bakinki." To, Yaya, ka yi haƙuri, na riƙe iya ƙarfina.

Wankan jego kuwa ya kusa ja mana kora. Na tafasa ruwa a manyan tukwane, na zaunar da Salamatu a ɗan wurin wankansu, na shiga watsa mata yadda aka saba. Ashe ƙasan ɗakin katako ne. Ruwa ya bi ta ƙasa ya sauka a kan teburin wata tsohuwar Baturiya tana cin abinci. Ta hau da mai gadin gidan suna ihu. Da na buɗe ƙofa tururi ya buge su, suka hango mai jego tana nishi, tsohuwar ta ce dafa ta muke yi, za ta kira 'yan sanda. Da ƙyar Yaya ya lallashe ta da yadin shadda. Daga ranar da ɗan tawul muka ƙarasa jegon, Allah dai ya kiyaye Salamatu.

Da aka yi arba'in ban ga abin da zan zauna yi a saman benen nan ba. Sai wata 'yar garin Tawa, Mariyama, da ke aure a Liyon, ta aiko cewa ana neman mai aiki a wani gidan masu taɓin hankali, 'yan ƙasar ba sa son aikin. Yaya ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka samu. Na hau jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya. A ciki na kwance dabino na miƙa wa matar da ke kusa da ni, kamar yadda ɗan Adam ke yi a hanya. Ta kalli dabinon, ta kalle ni, ta janye jakarta ta ɗora a cinya. Na cinye abina ni kaɗai har Liyon.

Mariyama ta samo mini ɗaki a unguwar Vilurban, gidan da ɗalibai suka yi yawa. Gargaɗin farko da ta yi mini shi ne, a garin nan alade ne sarkin abinci, ko ganye aka ba ki ki tona ƙasansa. Gaskiyarta. Burodi da ƙwai da sardin suka riƙe ni har na gano mahaucin Larabawa.

Gidan aikin, fuwaye suke ce masa. Na tafi da zaton zan ga mari da sarƙa da mutane tsirara. Sai na tarar da gida tsaf, da labule da furanni, kowa da ɗakinsa, suna zaune suna shan kofi. Wallahi ranar farko sai da na gaida wani mai gemu buzu-buzu da rigar sanyi mai huji a hankali, ina lallaɓa shi, ashe shi ne likitan. Kada ku yi dariya da yawa. Mu nan namu ɗaure su muke yi a turke, ko mu sake su kasuwa yara na jifa. Ta wannan wajen sun fi mu, na faɗa.

Shugabar gidan Madam Kolet ce, siririya, sigari ba ya barin bakinta, taro kuma ba ya ƙare mata. A yi taro a kan wanda ya bar cokali a kwano, a sake taro a kan yadda taron farko ya gudana. Ita ta bayyana mini cewa mutanen gidan duk daga babban asibitin bayan gari aka fito da su, a nan ake koya musu abin da ta kira otonomi. Na ce mene ne shi? Ta ce mutum ya iya zama shi kaɗai, ya dafa nasa, ya wanke nasa, ba ya bukatar kowa. Wanda ya iya, ya warke, sai a ba shi ɗaki a cikin gari. A unguwarmu in mutum ya rufe ƙofa ya dafa ya ci shi kaɗai, ranar ake fara nema masa rubutu.

Abin da zai ba ku mamaki, duk ƙasar Faransa a gidan nan kaɗai na samu masu amsa gaisuwa. A metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, in ka ce wa mutum ina kwana sai ya duba aljihunsa. Amma akwai wata Jizel a fuwaye, mai jan baki har haɓa, kullum sai ta tare ni ta tambayi uwata, da Yayana, da jaririn Salamatu, da ko an yi ruwa a garinmu. Na gaya wa Kolet matar nan ta fi kowa hankali. Ta ce a'a, yawan shiga harkar mutane yana cikin alamomin ciwonta.

Sai kuma Rene. Tsoho ne dogo, kansa fari fat, hannunsa na ɗan rawa saboda magani. Masaƙa ya yi wa aiki tun yana saurayi. Aka rufe masaƙar, matarsa ta rasu, ya daina magana ya daina ci, aka kai shi babban asibiti, ya shekara da shekaru a can. 'Yan matan da muke aiki tare, sa'o'in jikokinsa, gatsau suke kiransa Rene. Bakina ya kasa. Na ce masa Baba, na gaya masa ma'anarsa, ya ce ba komai, ba shi da wanda zai yi kishi.

Shi lamarinsa ya fi na kowa tsanani. Shekarunsa sun kai iyakar da gidan ke karɓa. In sanyi ya wuce likita zai yanke hukunci: ko ya nuna ya iya zama shi kaɗai a ba shi ɗaki, ko a mayar da shi babban asibiti, ɓangaren tsofaffi, inda ba a fitowa. Ko sunan wurin aka ambata sai cokali ya faɗi daga hannunsa.

To ni ina ruwana da otonomi? Na fito da safe na ga tsoho sa'an ubana duƙe yana shara, ni ina tsaye da ƙafafuna biyu. Haba! Na karɓe tsintsiya. Na gan shi yana fama da feraye dankali, wuƙa na rawa, na karɓe. Rigunansa na haɗa da nawa na wanke na goge. In za mu kasuwa kwandon a hannuna yake, shi yana tafe a gaba kamar mai gari. Ya yi ta cewa, "Rabi, bari, bari," ni kuwa na ɗauka irin kawaicin manya ne, na ce masa ai ba a yi haka ba, Baba. Raina fes, ina ganin ina tara lada.

Ranar nan aka kira taro, ashe a kaina ne. Kolet ta ce an lura Rene ya koma baya, ba ya shara, ba ya girki, ba ya ɗaukar ko burodinsa, in aka ci gaba haka babu abin da za a nuna wa likita. Ta ce, "Rabi, ba baiwarsa aka ɗauke ki ba." Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Madam, a garinmu yarinyar da ta bar tsoho da tsintsiya ba baiwa ake ce mata ba, marar tarbiyya ake ce mata, har uwarta sai an zaga." Ta busa hayaƙi ta ce wannan al'ada ce mai ban sha'awa ƙwarai, za a sa ta a taro na gaba.

Da maganar Kolet ce kaɗai da ban fasa ba. Amma da na fito sai na tarar da Baba Rene a kicin yana jirana. Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce, "Ke ce za ki mayar da ni can. Kin san can? Mu talatin a ɗaki, ana yi mana wanka a jere, wandon da ka sa yau gobe a jikin wani za ka gan shi. Ina roƙonki, ki daina yi mini kirki." Idonsa ya kawo ruwa. Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wanda zan ji haushinsa. Na ɗauko wuƙar feraye dankali na miƙa masa.

Ban taɓa aiki mai wuya irin na watannin nan ba, aikin kuwa shi ne kada in yi komai. In zauna a kujera, hannuwana a ƙarƙashin cinya, ina kallon tsoho yana ƙona albasa. Ya yanke yatsa, in nuna masa inda filasta take da baki. Ya goge riga ya ƙona wuyanta, in ce madalla. Kolet ta ce ina samun ci gaba sosai. A ƙasar nan sai da na koyi rashin kunya aka fara yabona.

Ranar gwaji aka ce ya tafi kasuwa shi kaɗai ya sayo abin da zai dafa, ni in bi shi daga nesa in ga yadda zai yi, ban da magana, ban da taimako. Ya sayi dankali da ƙwai da lemo, komai daidai. Yana juyowa hannun kwandon ya tsinke. Lemo ya watse a titi, ƙwai ya fashe, ga motoci. Tsohon nan ya durƙusa a kan gwiwoyinsa cikin ruwan sanyi yana bin lemo ɗaya-ɗaya. Ƙafata ta ɗaga da kanta. Ya ɗago kai ya harare ni, na mayar da ita.

Wata tsohuwar Balarabiya mai sayar da ganye, wadda ta saba ganinmu tare, ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke ba Musulma ba ce? Ba tare kuke ba?" Na ce aiki nake yi, Hajiya. Ta ce, "Wane aiki?" Na ce aikin kallo. Ta yi tsaki ta tofar da yawu, ta fito za ta taimake shi, sai ga ni ina riƙe mata hannu ina roƙonta ta bar shi don Allah. Har yau in na tuna kallon da matar nan ta yi mini sai in ji zufa. Shi kuwa ya tattara kayansa a cikin rigar sanyinsa, ya koma ya sake sayen ƙwai, ya rungumo abinsa har gida.

Ya soya ƙwai da dankali, ya ci shi kaɗai a tebur, likita da Kolet suna tsaye a kansa suna gyaɗa kai. Ya wanke farantinsa ya kife. Likita ya ce wannan babbar nasara ce. Aka yi ɗan biki da kek, Jizel ta yi kuka ta shafa masa jan baki a kumatu, aka ba shi ɗaki a wani dogon bene can ƙarshen layin bas. Na yi murna, wallahi na yi, har guɗa na rangaɗa a kicin, aka leƙo a ga ko wani ne ciwonsa ya tashi.

An hana ma'aikata zuwa wurin waɗanda suka fita, wai kada a ɓata musu otonomi. Na bi doka har lokacin da Inna ta kwanta ciwo aka ce in dawo gida. Na ce doka ta ci kanta, ba zan bar ƙasar nan ban yi wa Baba sallama ba. Ran Lahadi da rana na dafa shinkafa da miya na ɗauka.

Benen ya fi na Yaya tsawo nesa, amma shi yana da na'urar hawa. Ƙofofi a jere iri ɗaya, ba ka jin motsin kowa sai talabijin. Na ƙwanƙwasa. Ya daɗe kafin ya buɗe. Da ya gan ni ya buɗe baki zai yi magana, muryar ta ƙi fita, sai da ya yi gyaran murya ya sake. Ya ce in yi haƙuri, rabonsa da magana tun ran Talata, da mai burodi, ita ma na gode ce kawai.

Ɗakin tsaf, ko ƙura babu. Kujera ɗaya ce, ya ba ni, shi ya zauna bakin gado. Faranti ma ɗaya ne, sai muka ci a cikin kwanon da na zo da shi. Ya ci sosai, yaji na sa shi hawaye yana ci. Na tambaye shi maƙwabta. Ya ce akwai wani a ɗakin kusa, yana jin tarinsa ta bango, bai taɓa ganin fuskarsa ba. Kwanakin baya tarin ya tsaya, bai san ko warkewa ya yi ko tashi ya yi ba. Ya tambayi Jizel, ya tambayi wanda ke zama a kujerarsa wajen cin abinci, har Kolet da tarukanta ya tambaya.

Na gaya masa gida zan koma. Ya murza yatsunsa. Can ya ce, "Rabi, ke da kika san dokokinsu. In mutum ya fasa taga, ko ya fita titi ba takalmi yana ihu, fuwaye za su mayar da shi?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Baba, ɗakinka an ba wani saurayi tun satin da ka fita. Kuma shekarunka sun wuce. In ka fasa taga, babban asibiti za su kai ka."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya tashi ya wanke mini kwanona, ya goge shi tas, ya miƙo mini, ni kuwa ina zaune ban karɓe masa wankin ba, na riga na koya. Ya raka ni bakin ƙofa. Ya ce, "To, ki gaya wa likita lafiyata ƙalau."

Washegari da na je sallama na gaya wa likitan. Ya ji daɗi ƙwarai da gaske, ya ce a taro na gaba da Rene za a ba sauran misali.